Matambayi Ba Ya Ɓata: Ƙarfe ya ce shi kilo ɗari ne, sikeli ya ce ko ɗaya bai kai ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Ni mutum ne mai son tara kayan da, ina da su anini da ɗari da kwabo mai huji da sisi da sule, har da tsohuwar fitilar aci-balbal, abokaina har tsokanata suke wai ni ɗan jari bola ne mai digiri. To watan jiya muna haƙa fandisho a tsohon shagon marigayi kakanmu nan kusa da tashar jirgin ƙasa sai lebura ya tono wani baƙin ƙarfe, zagayayye ne kaman ƙaramin faifai, faɗinsa kaman tafin hannu kaurinsa kaman babban yatsa, kuma an tsaga shi daga baki har tsakiya. Da na goge ƙasar sai naga an rubuta AVERY, ƙasa da shi kuma 2 CWT. A bayansa akwai ɗan rami da aka cike da wani ƙarfe mai laushi ruwan toka, ƙusa tana karce shi, da wata alama a kai kaman hular sarauta. Na duba a waya ance 2 CWT ya fi kilo ɗari, amma wallahi da hannu ɗaya nake ɗaga shi, na kai wa mai kifi ya ɗora a sikelinsa giram 900 ya nuna. Wani yace ƙarfen jirgi ne, wani yace na masu ɗaga ƙarfe ne, wani kuma yace kayan Jamus ne akwai makyuri a ramin nan in ɓoye shi zai kawo mai saye. Dan Allah Malam meye wannan abun, kuma rubutun ƙarya ne ko kuwa?
Daga mai karatu a Ƙauran Namoda

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai bari in yaba maka, dan ka yi abin da mutum tara cikin goma masu turo min irin wannan tambayar ba sa yi, ka auna shi. Galibi hoto kawai ake turowa, an ɗauka da daddare, ƙarfen a kan tabarma babu ko ashana kusa da shi da za a gane girmansa, sai ace Malam meye wannan. Kai kuwa da giram 900 ɗin nan ka riga ka amsa rabin tambayarka da kanka.

Dutsen sikeli ne. Amma ba irin na mai nama ko mai sukari ba wanda ake ɗorawa a faranti ɗaya kaya a ɗaya farantin. Wannan na babban sikelin ƙasa ne, mai faffadan dandamali da ake jibga buhu a kai, da ginshiƙi a tsaye da sandar tagulla mai lambobi a sama, wanda duk wanda ya taɓa zuwa fulotin gyaɗa ko na auduga ko sito na tashar jirgi ya san shi. A ƙarshen sandar akwai wani ɗan ƙarfe da ke reto mai faranti a ƙasa, to tsagar nan da ka gani amfaninta kenan, ana zura dutsen ne ta gefe ya zauna a farantin ba sai an cire komai ba, in buhuna sun ƙaru a zura wani a kansa, haka ake jera su kaman waina a kwano.

Rubutun kuma ba ƙarya bane. CWT ma'auni ne na Turawan Ingila, guda ɗaya laba 112 ne, wato kilo 50 da giram 800, ashirin ɗinsa shi ne tan ɗaya na lokacin, laba 2,240. Kaga 2 CWT laba 224 kenan, kilo 101 da ɗan ɗoriya, kusan buhun masara cikakke. Abin da aka rubuta a jikin ƙarfen ba nauyinsa bane, nauyin kayan da yake tsayawa a madadinsu ne. Yanzu ɗauko kalkuleta ka raba 224 gida 112, zai baka 2. Laba biyu giram 907 ne. Mai kifinka yace 900. Sauran bakwai ɗin tsatsa ta ci wasu, sikelin mai kifi ya ci wasu, ban ce komai ba.

Yadda laba biyu ke tsayawa da laba 224 kuwa, in ka taɓa ganin jigo a lambu ka gama ganewa. Dogon itace a kan gwafa, gajeren ɓangaren an ɗaura masa ƙaton curin laka, dogon ɓangaren guga ne kawai, amma gugan nan da bai kai curin nauyi ba shi yake rinjayarsa saboda ya fi nisa daga gwafar. To a sikelin ƙasa buhu shi ne curin laka, dutsenka shi ne guga. Bambancin kawai a ƙarƙashin dandamalin ba jigo ɗaya bane, ƙarafa ne aka harhaɗa wannan ya rage nauyin ya miƙa wa wancan, wancan ya ƙara ragewa, kafin ya iso ƙarshen sandar sama ya koma kashi ɗaya cikin 112. Ƙananan labobin da suka yi saura kuma akwai ɗan ƙarfen da ake turawa a kan sandar har ta daidaita. Dabarar ta yi amfani sosai, dan kafin ta in za ka auna tan ɗaya sai ka tanadi ƙarfe tan ɗaya da ƙartin da za su riƙa ɗaga shi. Akwai ma irin waɗancan ɗin na gaske, masu mariƙi a sama da aka rubuta 56 lb, su kam nauyinsu kenan kilo 25 da wani abu, har yanzu za ka gansu an tokare ƙofar shago da su ko an ɗaure akuya. Kalmar laba ma da muke faɗa daga lb ɗin nan ta fito.

AVERY kuma sunan kamfanin ne, W & T Avery na Birmingham a Ingila, ba Jamus ba, suna cikin manyan masu ƙera sikeli na duniya a lokacin, kuma duk inda mulkin Ingila ya taka kayansu sun taka. Akwai wani sunan da ake yawan gani a tashoshin jirgi, Pooley na Liverpool, shi ma daga baya Avery ɗin ne suka haɗiye shi a 1913. Saboda haka wanda yace ƙarfen jirgi ne bai yi nisa da gaskiya sosai ba, ba a jikin jirgin yake ba amma jirgin ne ya kawo shi.

Inda ka tsince shi ma shaida ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, shekara ɗaya bayan nan cinikin gyaɗa ya ɓarke, Turawa sun shimfiɗa layin ne da tunanin auduga sai manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi kuma in ciniki ya ƙi ana iya cinta. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a garinku a 1929, na Nguru kuma 1930, kuma duk garin da ya zama ƙarshen layi nan raƙuma da jakai suke sauke kaya, nan kantunan Turawa da na Kwara, wato 'yan Labanan, da 'yan kamasho suke kafa sikeli. Ka tuna mu a kasuwarmu ta gado hatsi da mudu ake aunawa, da tiya da zakka da kwano, cika muke kallo ba nauyi ba, shi ya sa har gobe rigimar awo a kan tozo take da bugun gindin kwano. Auna amfanin gona da nauyi cinikin kamfani ne ya yaɗa shi, dan a tan ake sayarwa a Liverpool. Mai yiwuwa kakanku yana sayen gyaɗa ko auduga ko fata yana kai wa manya, ko kuma ya ba wani mai sikeli hayar shagon. Tambayi tsofaffin gidanku mata, su ba sa manta irin wannan.

Toh yanzu ramin baya, wanda shi ne ya fi burge ni a duk wasiƙar. Ba makyuri a ciki, makirci dai ake shirya maka. Dalma ce. Ƙarfen zubi ba ya fitowa daga wuta da nauyi cif-cif, sai a bar masa rami a zuba dalma a riƙa ragewa ko ƙarawa har ya zo daidai, sannan sufeton awo ya buga hatiminsa a kan dalmar saboda tana da laushi, duk wanda ya taɓa ta dole ya ɓata hatimin. Kuma dole a tsananta a nan, ka lissafa da kanka. Tunda komai ana ninka shi sau 112 ne, in mai saye ya liƙa wa dutsen nan oza ɗaya tak, giram 28, abin da bai fi 'yan kwabbai uku ba, to sai manomi ya ƙara oza 112 kafin sanda ta ɗaga, laba bakwai kenan, sama da kilo uku na gyaɗa a kowane awo. Ka ninka da buhunan da ake aunawa daga safe zuwa la'asar a kaka. Manomi yana tsaye yana kallon buhunsa a dandamali, cutar kuma tana can ƙarshen sanda inda ba ya kallo, kuma ko ya kalla lambobin boko ne. Ina yaro na sha raka wani baffana fulotin auduga, malamin sikeli da fensir a bayan kunne zai ɗan taɓa sandar da yatsa ya faɗi lamba da ƙarfi, kafin ta gama lilo 'yan dako sun sure buhun, baffan nawa sai dai yace Allah ya isa a hanyar komawa gida, ni kuma a lokacin ƙosan da zai saya min kawai nake tunani. Ba a banza aka saukar da sura guda a kan masu tauye awo ba.

Ka samu gilashin ƙara girma, ko ka ɗauki hoton hatimin da rana ka buɗe shi a waya. In hatimin Ingila ne za ka ga haruffa kusa da kambin. VR Sarauniya Victoria ce wadda ta rasu a 1901, GR Sarki George ne, na biyar daga 1910 zuwa 1936, na shida daga 1936 zuwa 1952, ER kuma ko Edward na bakwai tsakanin 1901 da 1910 ko Elizabeth daga 1952. Duba da shekarar da jirgi ya iso muku ni GR nake zato. Daga ɗaya ƙarshen kuma an daina aiki da laba a hukumance ne a shekarun 1970 da aka koma kilo, zamanin da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972 aka kuma canza fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, lokacin ma fari da cutar gyaɗa ta 1975 sun riga sun fara rushe dalar gyaɗa. Kaga ƙarfenka ya yi aikinsa ne a tsakanin nan.

Maganar mai saye, ka rabu da shi. Yadda abin yake tafiya kullum iri ɗaya ne, yau ace tsohon keken ɗinki, gobe dutsen guga mai zakara, jibi agogon bango, za a ce maka miliyoyi ne amma sai ka kawo kuɗin gwaji ko na sinadari ko na motar Alhajin da zai zo daga nesa, daga nan waya ta daina shiga. A wajen ɗan gwangwan kuma ƙarfe ne da bai kai kilo ba, ko katin waya ba zai saya maka ba. Darajarsa tana wajen irinka. Kar ka wanke shi da ruwan batir, kar ka sa masa sanfefa, buroshi mai ɗan tauri da ɗan man keke sun isa, wajen hatimin kuma tsumma kawai. Ka nisanta shi da yara masu kai komai baki dan dalma guba ce, mu da muka ga abin da ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sannan ka koma wajen fandishon nan ka tankaɗe ƙasar da aka fitar, ba a yin dutsen sikeli shi kaɗai, akwai 'yan'uwansa masu 1 CWT da 56 lb, ƙanana da shi.

TAMBAYA: Salam Malam. Kakarmu ta rasu ana raba kaya sai muka samu wani ƙullin tsumma a ƙasan adakarta, ciki akwai ƙananan tagulla guda goma sha ɗaya. Wasu masu kusurwa huɗu ne da zane-zane a kai, ɗaya tsuntsu ne ya waiga baya, ɗaya kada biyu ne a gicciye cikinsu ɗaya, sai wani ɗan cokali siriri. Yayyena maza sun ce kayan tsafi ne a jefa a masai, ni kuma na ɓoye su dan Hajiya mai ibada ce ban yarda ba. Meye gaskiya?
Daga wata mai karatu a Aboabo, Kumasi

AMSA: Allah ya jiƙan Hajiya ya sa ta huta. 'Yar'uwa kin kyauta da kika ɓoye, ki ce wa yayyen naki su kwantar da hankali, ɗan cokalin nan shi ya wanke ta. Duwatsun awon zinariya ne na mutanen Asante, Tonawa inji mutanen zango, su suna ce musu abrammuo. Shekaru ɗaruruwa garin zinariya shi ne kuɗi a ƙasar da kike zaune, da shi ake sayen komai har kayan miya, dan haka duk ɗan kasuwa yana da ƙunshinsa da ake kira futuo, ciki da ɗan sikeli mai faranti biyu da ake riƙewa da zare a yatsa, da cokalin ɗiban gari irin naki, da 'yar akwatin tagulla ta ajiya, da duwatsun. In za a yi ciniki mai saye ya auna da nasa mai sayarwa ya sake aunawa da nasa, sai an daidaita. Na fada kuma an san sun fi na talakawa nauyi, kowa ya sani ba a ɓoye ba, wani nau'in haraji ne. Kin ga dabarar da na gama ba ɗan'uwanmu na Ƙaura labari ba Bature ne ya fara ta ba.

Abin da zai ba yayyenki mamaki shi ne tushen awon kansa daga Musulmi ya zo. Wangarawa, 'yan kasuwar Mali da ke saukowa daga Jenne zuwa Begho sayen zinariya, su suka kawo miskali, wanda dai kike ji a babin zakka, miskali ashirin nisabin zinariya, giram 85 a lissafin yau, wato kowane ɗaya giram huɗu da kwata. Tun wajen 1400 aka fara yin masu kusurwa da zane, su ne tsofaffin salo, masu siffar dabbobi da mutane daga baya suka yawaita. Da kakin zuma ake yinsu, a ƙera siffar da kaki a lulluɓe da yumɓu a gasa, kakin ya narke ya fita a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, sai an fasa yumɓun ake ciro abun shi ya sa ba biyu da suke zama iri ɗaya sak.

Siffofin kuma karin magana ne ba gumaka ba. Tsuntsun da ya waiga shi ne sankofa, ki duba ƙofofin ƙarfe da zannuwa a Kumasi za ki ganshi ko'ina, ma'anarsa ba laifi bane ka koma ka ɗauko abin da ka manta a baya. Kadojin nan biyu kuma cikinsu ɗaya amma suna faɗa a kan abinci, ana buga shi ne ga 'yan gida ɗaya masu rigima a kan abin da duk nasu ne. Tunda rabon gado kuke, wannan ki ajiye shi a tsakiyar tabarma.

Yadda suka shigo adakar Bahaushiya ba abin mamaki bane. Fatakenmu sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, Salaga ce babbar kasuwar, da ta watse bayan yaƙin basasarta na 1892 mutane suka bazu, da yawa suka gangaro Kumasi bayan Turawa sun shige ta a 1896. Daidai lokacin kuma kuɗin Bature yana ture garin zinariya, duwatsun suka zama ba su da aiki, wasu aka ba da su jingina wasu aka sayar wasu yara suka yi wasa da su.

Saura sanin ko na aiki ne ko na ado, dan har yau maƙera a Krofofrom kusa da ku suna zuba sababbi saboda 'yan yawon buɗe ido. Wanda ya yi aiki gefensa ya sha hannu ya yi sumul, kuma sau da yawa za ki ga an yi masa gyara, an gutsire ƙafa ko jela dan a rage nauyi, ko an ɗiga dalma a wani lungu ko an naɗa 'yar waya dan a ƙara. Abin da mai ido zai ce lahani ne, shi ne shaidar. Ki kai su wajen maƙerin zinariya mai ƙaramin sikelin lantarki, ki tsaya a wajen kar ki bar masa su, a auna kowanne ki rubuta. In kika ga masu kusurwar nan suna faɗowa kusa da giram 4 da ɗan ɗoriya, ko ninkin haka sau biyu ko sau huɗu, to miskali ne da ninkinsa. Kar ki goge su da toka ko lemon tsami su yi ƙyalli, duhun nan na jikinsu a barshi. Ki turo min lambobin da hoton kowanne gaba da baya, ki ajiye kwandala a gefe dan in ga girmansu.